SHARHI: Gwajin ƙwaya na kama mashayi, wa zai kama maƙaryaci?

Gabanin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na ranar 26 ga Oktoban 2024, hukumar NDLEA ta sanar da cewa ta samu masu neman takara 20 da alamun miyagun ƙwayoyi a jikinsu. A zaɓen Janairun 2021 ma, irin wannan gwaji ya kayar da 'yan takara 13. Duk mai son zama kansila ko ciyaman, daga Tsanyawa har cikin birni, ya san sai ya bi ta wannan ƙofa.

Matakin yana da hujja. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin UNODC a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma Kano na cikin jihohin da matsalar ta fi ƙamari.

Sai dai gwajin fitsari gajeren tunani gare shi. Yawancin ƙwayoyi kan ɓace daga jiki cikin 'yan kwanaki, wiwi kuwa kan ɗauki makonni ga wanda ya saba. Wanda ya san ranar gwaji zai iya ƙauracewa na ɗan lokaci ya wuce salin-alin. Kuma kwalbar gwaji ba ta faɗin abokan hulɗar mutum. A Agustan 2025 kwamishinan sufuri na Kano, Ibrahim Namadi, ya yi murabus bayan ce-ce-ku-ce kan tsayawa beli da ya yi wa wani da ake zargi da safarar ƙwayoyi. Babu na'urar da za ta iya gano irin wannan.

A matakin tarayya ma haka abin yake. Kemi Adeosun ta tsallake tantancewar Majalisar Dattawa ta zama ministar kuɗi, kafin binciken jaridar Premium Times kan takardarta ta NYSC ya kai ga murabus ɗinta a Satumbar 2018.

Amurka ta kama matsalar ta wani gefen. Mai neman izinin ganin sirrin gwamnati kan cike takardar SF-86, wadda ke tambayarsa ko ya sha ƙwaya cikin shekaru bakwai da suka wuce. Wanda ya amsa laifinsa kuma ya nuna ya daina zai iya samun izini. Wanda ya ɓoye kuwa yana iya rasa izinin, har ya fuskanci ɗaurin da ka iya kaiwa shekara biyar. Dalilin a fili yake: mai sirrin da yake tsoron tonuwarsa, kowa na iya juya shi.

Wannan darasi ya shafi Tsanyawa kai tsaye. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun riƙa kai hare-hare ƙauyukanta da na Shanono, a yankin da ke iyaka da Katsina. Ciyaman, kansila da ɗan sintiri su ne ke sanin inda jami'an tsaro za su kwana da hanyar da za su bi. Idan a cikinsu akwai wanda dillalin ƙwaya ya riƙe wa wuya, sirrin gari ya fita tun kafin dare ya yi.

Don haka gwajin rana ɗaya bai wadatar ba. Ana buƙatar takardar rantsuwa kan tarihin mutum, da bincike daga masu unguwanni da dagatai, da gwajin ba-zata bayan an hau kujera, da hukunci bayyananne ga wanda ya yi ƙarya. Wanda ya tuba ya faɗi gaskiya a buɗe masa ƙofa. Idan aka ci gaba da korar mai gaskiya ana karɓar wanda ya iya ɓoyewa, to ƙarya ake koya wa matasa.