Rancen Gida a Suleja: Wa Zai Kwana a Cikinsa?

Duk inda 'yan Arewa mazauna Kurmi suka taru, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, in hira ta yi nisa sai ta gangaro kan maganar gida. Kuma a 'yan shekarun nan sunan Suleja ba ya fita daga bakin masu wannan hira. Dalilin a fili yake. Abuja ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, Suleja kuwa ga ta nan a bakin ƙofarta, a kan hanyar Kaduna da Minna, fili da sauƙi in an gwada da na birnin Tarayya, ga kuma 'yan haya ba iyaka. Saboda haka sai ka ji mutum yana cewa zai karɓi rancen gina gida, ya gina ɗaki uku da falo a Kwamba ko Madalla ko Gauraka, ya zuba 'yan haya su riƙa biya masa bashin, shi kuwa yana nan Ikko yana neman abincinsa har ran da ya yi ritaya. Dabara ce mai daɗin ji. Amma akwai wata 'yar magana a cikin takardun da zai sa wa hannu wadda ya kamata ya karanta da idon basira, watau maganar wanda zai zauna cikin gidan.

Ga asalin abin. A 1992 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ma'aikata suka fi sani da NHF, da doka ta 3 ta wannan shekara, aka danƙa riƙonsa ga Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, bankin da ya samo asali tun 1956 kuma ya karɓi sunansa na yanzu a 1977. Ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata a zuba a asusun. Wanda ya yi wata shida yana zubi yana iya neman rance ta hannun ɗaya daga cikin bankunan jingina, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kai talatin, muddin abin da za a riƙa cire masa bai wuce sulusin abin da yake samu ba. Tun 2023 an sassauta wa ma'aikatan kamfanoni, zubin ya zama ganin dama gare su, amma na gwamnati har yanzu ana yankar musu. Manufar duk wannan ita ce ma'aikaci ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa da iyalinsa. Ba a kafa asusun don a yi wa kowa jarin gidan haya ba.

To, ni dai ina goyon bayan wannan manufa, kuma zan faɗi dalili da lissafi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27 da rabi cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da bashi. Mutumin da ya ranci Naira miliyan goma a kan kashi 6, ruwan shekararsa ta fari wajen Naira dubu 600 ne. Da a bankin kasuwa ya ranta a kan kashi 28, da miliyan biyu da dubu 800 zai biya. Ratar ta haura miliyan biyu a shekara guda. Wannan rata ba daga sama ta faɗo ba. Masinja da malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti waɗanda ake yankar albashinsu wata-wata, kuma ba a lissafa musu komai a kan ajiyarsu sai kashi 2 cikin ɗari alhali tsadar kaya ta haura kashi 30 a 2024, su ne suka ɗauki nauyin. Mai albashin Naira dubu 70, in an lissafa a kan dukan albashin, Naira 1,750 ke fita daga aljihunsa kowane wata, kuma galibin irinsa har su bar aiki ba za su taɓa ganin rancen ba. In da wanda ya ci gajiyar kuɗinsu don ya fid da iyalinsa daga gidan haya, sai mu ce madalla. Amma a ce kuɗin masinja ne za a gina gida da shi a Suleja, sa'an nan a dawo a ba wa wannan masinjan hayar ɗaki a ciki, a kuma ƙara masa kuɗi duk shekara? Kai, jama'a, wannan bai yi kama da adalci ba.

Mun kuwa ga irinsa. Gidajen nan masu sauƙin kuɗi da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gina a jihohi tsakanin 1979 da 1983, da waɗanda Alhaji Lateef Jakande ya gina a nan Ikko a wannan zamani, duk don mai ƙaramin ƙarfi ya zauna aka yi su, amma kowa ya san waɗansu sun ƙare a hannun masu hali. Haka kuma da aka sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati a Abuja daga 2005, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, waɗansu da gidan ya zo hannunsu sai suka sayar ko suka ba da haya, suka kwashi iyali suka koma bayan gari, har da Suleja ɗin nan. Wannan ne ya sa da Gwamna Fashola ya fito da shirin Lagos HOMS a 2014 ya tsaurara: sai wanda ba shi da wani gida a jihar, ya yi rantsuwa a kan haka, kuma ya shiga gidan da kansa. Ko wajen haraji ma, rangwamen da doka ta yi a kan ruwan bashin gida, na gidan da mai shi ke zaune a ciki ne.

Amma fa akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Wanda ya tsara sharaɗin zama cikin gida, mutumin da yake gani a ransa shi ne wanda aka haifa a gari, ya yi aiki a garin, ya tsufa a garin. Mu kuwa ba haka rayuwarmu take ba. Soja da ɗan sanda da ma'aikacin kwastan ba su da ta cewa in takardar canjin wurin aiki ta fito. A farkon 2024 Babban Banki ya mai da waɗansu sassansa daga Abuja zuwa Ikko, hukumar filayen jiragen sama ma ta mai da hedkwatarta can. Ɗauki ma'aikaci irin waɗannan, wanda ya gina gida da rance a gefen Abuja, ya tare da gaskiya, bai cika shekara ba aka ce ya tattara ya taho Kudu. Ga kuɗin bashi ana cire masa daga albashi, ga hayar Ikko wadda mai gida zai ce a biya ta shekara a dunƙule, ban da na dillali da na lauya. In aka ce lalle ya bar gidan Suleja a kulle don kada ya saɓa sharaɗi, an zalunce shi, an kuma zalunci gidan, domin gidan da ba kowa ciki gara da ɓarayin waya da famfo ke gadonsa. Bankin ma bai ci ribar komai ba, tun da dai kuɗin hayan nan ne zai sa mutumin ya iya biya a kan kari.

Sa'an nan ga wata tambaya da ba a cika yi ba. Mene ne zama cikin gida a wurin Bahaushe? Ɗan kasuwar da ke sayar da shanu a Agege ko tumatir a Mile 12, wanda ya ajiye mahaifiyarsa da uwargidansa da 'ya'ya shida a Suleja, yana zuwa duk wata biyu da lokacin salla, shi kuwa a nan ɗaki guda yake kama da abokan sana'a, ina ne gidansa? Kowa a unguwar zai nuna maka ƙofar ya ce gidan Alhaji wane ne. A ganina mutumin nan ya cika manufar rancen sarai, har ya fi wanda ke kwana shi kaɗai cikin ɗaki huɗu. Ya kamata a rubuta wannan ɓaro-ɓaro cikin takardu, cewa zaman iyaye ko mata ko 'ya'yan mai rance daidai yake da zamansa, don kada abin ya zama sai yadda wani akawu ya ga dama ya fassara.

A Amurka, inda harkar jinginar gida ta tsufa, sun yanka wa abin iyaka. Takardar da yawancin masu rance ke sa wa hannu ta ce mutum ya tare cikin kwana sittin, ya zauna aƙalla shekara guda, sai fa in mai ba da rance ya yarda a rubuce, ko wani uzuri da ya fi ƙarfinsa ya taso. Bayan shekara, in ya ga dama ya ba da haya. Wanda kuwa ya yi ƙarya tun farko, ya ce zai zauna alhali ya san ba zai zauna ba, laifin zamba ne a dokarsu. A Ingila ma mutum yakan nemi izinin banki kafin ya sa ɗan haya, wani lokaci a ƙara masa ruwa kaɗan. Abin da ya burge ni a tsarin nan shi ne ya raba mutum biyu da mu muke cuɗa su wuri guda: wanda ya shiga da niyyar gaskiya hali ya fitar da shi, da wanda tun ran da ya cika fam ya riga ya yi ciniki da 'yan haya. Ina ganin Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ba zai rasa komai ba in ya ɗauki irin wannan. A ce shekara ɗaya ko biyu, a faɗi uzurorin da za a karɓa, kamar canjin wurin aiki da rashin lafiya da mutuwa, a kuma ce wanda ya ba da haya don riba kafin wa'adi a mai da ruwansa na kasuwa. Sa'an nan a buga shi da Hausa da sauran harsuna, a manna a kowane reshe.

Kafin a kai ga haka, 'yan'uwa, abin da ke hannunmu shi ne takardar da ke gabanmu. Takardun jingina a ƙasar nan galibi suna ɗauke da alkawarin cewa ba za a sayar da gidan ko a ba da hayarsa ba sai da yardar banki a rubuce, kuma saɓa alkawari yana iya ba banki damar ya nemi dukan kuɗinsa lokaci guda, in ba a biya ba ya sa gidan a kasuwa. Na san za a ce wa ke zuwa dubawa? Gaskiya ne, ba safai ake zuwa ba, muddin kuɗi na shiga. Amma ran da albashi ya yi jinkiri wata uku, ko kasuwa ta karye, ran nan ne lauyan banki zai buɗe fayil ya karanta kowane layi, kuma ran nan ne mutum zai so a ce yana da wasiƙar izini a aljihu. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Wannan ya shafi har masu guje wa kuɗin ruwa su tafi bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, domin a tsarin haya-zuwa-mallaka bankin yana da hannu a gidan har sai an gama biya, saboda haka sa wani a ciki ba da saninsa ba ya fi ma nauyi.

Wata 'yar tunatarwa game da Suleja kanta. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya ba da sunansa ga sabon birnin Tarayya bayan dokar 1976 ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, a Jihar Neja yake, ko da yake da yawa daga mutanensa Abuja suke wuni. Watau takardar mallakar fili da ake kira C of O, da amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta kafin a jinginar da gida, daga Minna za su fito. Takardar ciniki da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu biyu ba za ta karɓu a banki ba, kome kyan hatiminta. Da yawa daga masu wannan hira a nan tafiyarsu ke tsayawa tun kafin a zo maganar wanda zai kwana a gidan.

Wanda kuwa ya riga ya karɓi rance ya tare, sa'an nan aka tashe shi zuwa Kudu, kada ya jira sai ya sa ɗan haya. Ya rubuta wa bankin jinginar da ya ba shi kuɗin, ya haɗa da kwafin takardar canjin wurin aikinsa, ya faɗi ranar da ya tare da ranar da zai tashi, da wanda zai zauna a gidan, da kuɗin hayar in akwai. Ya kai da hannunsa ko ta hannun wanda ya amince da shi, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, ya adana shi tare da takardun filin.