Ina Giginyun da Ke Giginyu?

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, faɗa na zo yi, kuma da kaina zan fara.

A littattafaina na sha gina wa Alhaji gida, in shimfiɗa masa ciyawar Turawa, in jera fulawoyi, in ce aljannar duniya. Ban taɓa dasa masa tsamiya ko ɗaya ba. Mu marubuta mun taya koya wa mutane cewa itacen gida ƙauyanci ne. Allah Ya yafe mana.

Kwanan baya maƙwabcina ya sare kanyar da ta girme shi, ya malale tsakar gida da siminti, ya dasa dogayen itatuwan nan na Indiya masu kama da sandar rake, ba inuwa, ba 'ya'yan da yaro zai tsinka. Wai kanya tana zubar da shara! Tun daga ranar ban ƙara jin kukan kurciya da asuba ba.

Jama'a, ku dubi sunayen unguwannin Kano: Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Gawuna. Duk sunayen itatuwa ne. Mai karatu, je ka ƙirga nawa suka rage. Suna muka riƙe, mai sunan mun kai shi murhu.

Itacen gida ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu su sha ruwansa su yi masa barbara. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ya ciyar da awaki da ƙudan zuma. Ɗorawa ta ba mu kalwa da daddawa. Ciyawar Turawa fa? Sai shan ruwan rijiya kullum, a garin da ake sayen jarka.

Kada a ce ba ya yiwuwa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin kututture ya tofo suna yi masa sassabe, har aka kiyasta sun raya itatuwa miliyan 200.

Ban ce a sare darbejiya ba, baƙuwa ce mai inuwa. Amma baƙo ba ya korar mai gida. Ni dai na dasa magarya da tsamiya a ƙofar gidana. Kai fa, me ka dasa?