Gerda Steyn da 'yan matanmu masu dakon kaya

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Tamale zuwa Yendi ya san irin nisan da ke tsakani. To, kusan irin wannan nisa ne, kilomita 90 ko ƙasa da haka kaɗan, ake yi da ƙafa a tseren Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg. An fara shi a 1921, amma sai a 1975 aka yarda mata su shiga a hukumance.

Gerda Steyn, wadda aka haifa a 1990 ta kuma tashi a gona, ta cinye tseren a 2019, 2023, 2024 da 2025. A 2023 ta gama cikin awa 5 da minti 44, ta karya tarihin da Frith van der Merwe ta kafa tun 1989. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ba ta fara gudu ba sai a 2014, tana da shekara 24, lokacin da take aiki a Dubai ta shiga wata ƙungiyar masu gudu. Da babu wannan ƙungiya, mai yiwuwa da har yau ba wanda ya san sunanta.

A nan ne maganar ta shafe mu. Kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa zuwa Salaga daga Kano neman goro, tafiyar watanni. Juriyar ba ta ɓace ba. Tana nan jikin 'yan matan arewa da ke tafiya Kumasi da Accra suna dakon kaya, a ɗora musu kwanon doya tun asuba, da dare su kwana a bakin shago. Wa ya taɓa gwada ƙafarsu a fili?

Masu cewa gudu ba na 'ya'yan Musulmi ba ne, su tuna Aziza Raji ta Maroko, wadda ta cinye tseren Sahara na kusan kilomita 250 a 2021.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kpandai, Salaga, Yendi da Bawku su haɗa kai da majalisun gunduma da sarakunan zango, a shirya tseren 'yan mata sau ɗaya a shekara, lokacin hunturu. A fara da kilomita 10, a tanadi ruwa da ma'aikatan lafiya a hanya, kyauta kuma ta zama kuɗin makaranta da takalman gudu. Ko kasuwar doya ta Kpandai ita kaɗai za ta iya ɗaukar nauyin na farko.