GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI

Marka ta soma janye jiki, gero ya doshi nuna a gonakin Roni da Gwiwa da Kazaure, manoma kuwa sun fara gyaran rumbuna. Kwanakin nan na ƙarshen Agusta da farkon Satumba su ne ganye ya fi yawa, ya kuma fi araha a ƙasarmu. Ga rama, ga yakuwa, ga tafasa da lalo har a bakin hanya, kuɓewa kuwa tuli guda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma kowa ya san abin da ke tafe. Ruwan sama a wannan yanki ba ya wuce kamar wata huɗu, watau daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan rani ya shimfiɗa tabarmarsa har wata takwas. To, tambayar da mu ke yi wa ko wane magidanci ita ce, bayan hatsin da za ka zuba a rumbu, me ka tanadar wa tukunyar miya?

Ba don neman magana mu ka yi wannan tambaya ba. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya ya hau, kuɗin cefane ya bi shi. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da lissafi cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Kafin wannan, a 2016, wata tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir na Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, gidan da ya fi jin jiki shi ne wanda ko ganyen miyarsa sai ya je kasuwa. Idan miya ta tsinke kuwa, yara ƙanana da mata masu ciki da masu goyo su ne farkon ramewa, ko da akwai tuwo.

Kakanninmu ba su yarda wannan ta same su da sauƙi ba. A gidan Bahaushe na da, kabewa na yaɗo a bayan ɗaki, duma na hawan danga, zogale shi ne shinge. Duman nan shi za a fafe a sami ƙwarya da ludayi da gora. Rama a ci ganyenta, a jiƙa karanta a fid da ɓawo a tufka igiya. Kabar goriba ta zama tabarma da faifai, gamba ta zama zana, karan dawa ya zama darni, tokar murhu kuma a tace ta don miya ko a dafa sabulu da ita. Da robobi da gwangwani su ka shigo, masu sana'a ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Da gwangwanin madara aka yi fitila aci-balbal, da tsohuwar tayar mota aka yi guga da takalmi, har yau kuma maƙera na narkad da gwangwanin lemo su zuba tukwane. Watau sarrafa tsohon abu ya koma sabo gadonmu ne, ba baƙon ilmi ba.

Makarantun boko ma da haka su ka fara. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa, Kano, a 1909, tana da sashen koyon sana'a. Shekaru da yawa bayan nan makarantar elementare ba ta rasa lambu da darasin aikin hannu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyad da ƙasa, ta ce ko wace makaranta da ko wane gida su noma wani abu. Yau fa? A makarantu da dama darasin aikin hannu ya koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa, ko ya kawo kuɗi, a ba shi maki. Wannan babban kuskure ne. Yaron bai koyi saƙa ba, bai koyi shuka ba, abin da ya koya kawai shi ne ana sayen maki. Icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Saboda haka mu ke kira ga jama'a su yi abu uku kafin ruwa ya ɗauke.

Na farko, a kafa lambun gida yanzu, tun ƙasa na da laima. Mun san wuraren Roni akwai duwatsu da tsakuwa, wani gidan kuma ba shi da fili. Wannan ba hanzari ba ne. Tsohon buhu, ko bokitin da ya fashe, ko jarkar da aka yanke, duk sun isa. A huda gindin don ruwa ya tsiyaye, a haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a zuba. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ya kan ƙone shuka, don haka a tara shi a rami tare da sharar ganye da toka, a riƙa juyawa, ya ruɓe cikin wata biyu ko uku. Alayyahu ya kan isa yanka cikin kamar wata guda, kuɓewa ta kan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Zogale kuwa ko reshensa aka kafa ya kan kama, kuma wanda aka kafa yanzu zai yi saiwa kafin hunturu. In ya kai tsayin ƙirjin mutum a datse kansa, don ya yi rassa, hannun mace ya kai gare shi. Idan ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa.

Na biyu, a shanya, a adana. Kuɓewa da tumatir da tattasai a yanyanka su, a shanya bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa, ba a gefen kwalta ba, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi ke bi. Ganye kuwa, kamar zogale da rama da kuka, a inuwa a ke shanya shi, gama zafin rana ya kan rage masa amfanin da ya ke yi wa ido da jiki. Iri na baɗi a zaɓe shi daga shukar da ta fi kyau, ya bushe sarai, a gauraya da toka a rufe cikin kwalba. Amma a sani, irin kanti wanda aka yi wa aure ba ya maimaita kyaunsa idan aka sake shuka 'ya'yansa. Wake kuma, in ya bushe, a cika busasshiyar jarka da shi har wuya, a toshe yadda iska ba ta shiga. Ƙwaron da ke ciki zai mutu don rashin iska, ba sai an zuba wa abinci guba ba.

Na uku, a tara kayan aikin hannu tun suna samuwa. Kaba da gamba da kara da ɓawon rama, wanda bai tara su da kaka ba zai saye su da tsada da bazara. Leda kuma, wadda ta cika mana lunguna, tana toshe magudanan ruwa, tana kashe tumaki da shanu in sun haɗiye ta, ana iya wanke ta a yayyanka a saƙa jaka ko igiya ko tabarma. Ledar ruwan sha ta dace da renon dashe. Ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Jigawa abin da ruwa ke yi in ya rasa hanya, saboda haka duk ledar da aka tsame daga kwata taimako ne ga unguwa.

Amma fa akwai gargaɗi, kada gyara ya zama ɓarna. Gwangwani ko taya da aka bari ruwa ya kwanta a ciki, sauro na iya ƙyanƙyashewa a nan cikin kwana bakwai zuwa goma, ga shi kuwa yanzu ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantad da yara. Abin da ba a cika shi da ƙasa ba a kife shi. Har wa yau, robar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi na ciyawa ko na ƙwari, kada a zuba mata ruwan sha ko mai ko nono, ko an wanke ta sau goma. A huda ta a binne nesa da rijiya. Kada kuma a bar yara su fasa tsohon batir, gama dalmar da ke ciki guba ce.

Wani zai ce, ina ruwan ban ruwa da rani, alhali na sha ma sai an sayo? Gaskiya ne, ba mu ce kowa ya yi fadama a tsakar gida ba, wannan sai masu gonaki kusa da madatsar ruwa ta Kazaure. Amma ruwan alwala da na wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka, wanda kullum a ke kwararwa a rariya, ya isa rayad da buhu biyar ko shida, muddin ba mai sabulu da yawa ba ne. Wani kuma zai ce awaki ba za su bari ba. Maganin akuya darni ne da ƙaya, su kuwa ba a sayensu da kaka. Akwai kuma masu ganin aikin hannu na wanda ya kasa karatu ne. Yaron da ya auna kunya da igiya, ya ƙirga kwanakin tsiro, ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, lissafi da kimiyya ya yi, kuma ba zai manta da su ba.

Muna roƙon ƙananan hukumomin Roni da Kazaure da Gwiwa da Babura, da sakatarorin ilminsu, su tsaya kan cewa ko wace makarantar firamare ta killace 'yar kadada don lambu a wannan zango, kuma kada a karɓi kuɗi ko abin kasuwa a madadin aikin hannu. Makarantun horon malamai su tabbata ɗalibin da za su yaye ya iya haɗa taki da renon dashe. Malaman gona su shiga unguwanni, a kuma sa mata cikinsu, domin lambun gida a hannun matan aure ya ke, namiji kuwa ba ya shiga inda su ke. Hakimai da dagatai da masu unguwa, daga Roni har Amaryawa da Zugai, su nemo tsofaffin da su ka iya saƙar kaba da tufka da sassaƙar ƙwarya, a gayyace su makaranta su koya wa yara tun suna da rai.

Gwamnati na da nata nauyi, ba mu kuwa daina tuna mata ba. Amma taimakon da ke zuwa daga nesa ya kan makara, guntun gatarinka kuwa ya fi sari ka ba ni. Sauran 'yan makonni ruwa ya ɗauke. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya sa mu yi tattalin abin da ya ba mu, amin.