Wa Muke Yi Wa Dariya?



A ajinmu na yaƙi da jahilci, mukan ɗan taɓa hira kafin mu soma darasi. Wata rana hira ta faɗa kan fim da tele. Wata mata ta ce ita dai a ba ta Indiya, saboda waƙa da rawa. Wani saurayi ɗan kabu-kabu ya ce in ba a yi faɗa ba, shi bai ga fim ba. Dattawa suka tuno da wasannin Yazi Dogo a rediyo da Tele Sahel. Da aka ambaci Rabilu Musa Ibro kuwa, tun ba a ce komi ba kowa ya soma murmushi. Ibro ya rasu a 2014, Allah ya jiƙan shi, amma har yau sunan shi kawai yana sa dariya.

Sai ɗan kabu-kabun nan ya tashi, ya kwaikwayi wani wuri da ya gani cikin wani fim. Wai baƙauye ne ya zo birni, aka miƙa mishi takarda. Ya riƙe ta a juye, kai ƙasa, yana gyaɗa kai kamar yana karantawa. Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, har da hawaye.

Mutum guda ne bai yi dariya ba. Wani dattijo ne manomi, wata uku ke nan da ya shigo ajin. Washegari bai zo ba. Sati guda cur ba mu gan shi ba. Na je gidan shi, na tarar da shi yana gyaran darni. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, lafiya ba ka zuwa?"

Ya ce, "Malam, baƙauyen nan ai ni ne. Bara na riƙe takardar likita a juye gaban yara, suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Abin da ya kawo ni wurinka ke nan. Ban san can ma zan iske ta ba."

Kunya ta rufe ni. Na roƙe shi gafara.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: in muna dariya, wa muke yi wa?

Kada ku ce ni ba na son wasa. Ina so ƙwarai. Wanda ya wuni gona ko kasuwa yana da hakkin ya huta, ya yi dariya. Amma dariya iri biyu ce. Akwai wadda ke sauka kan mai girman kai, da maƙaryaci, da azzalumi. Akwai wadda ke sauka kan gurgu, da mai i'ina, da wanda iyayen shi ba su sa shi lakwal ba. Ta farko magani ce. Ta biyu duka ce, ko da ba a ɗauki sanda ba.

Ku dubi namu na gida. A 1966 Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokan shi. Suka sa huluna, suka rataya bindigogi, suka hau dawaki, suka canza sunayensu, suka hana garinsu barci. Wa ake yi wa dariya a nan? Ba manomi ba. Wanda ya raina gidan su, ya ari rigar wani, shi ne abin dariya. A shekarar nan kuma ya yi fim ɗin zane, Bon voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa, yana tafiya ziyara da fareti da jiniya. Kun ga inda dariyar ta dosa: sama, ba ƙasa ba.

Haka Samanja Mazan Fama, wasan da aka riƙa yi a Kaduna. Usman Baba Pategi, mai fitowa Samanja, tsohon soja ne. Ya san bariki ciki da waje. In ya yi tsawa da Hausar shi ta soja muna dariya, to gidan shi ne yake yi wa tsiya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Shi nashi ya soma nunawa. Ya rasu a 2023, ba mu manta da shi ba.

Wani zai ce, "Haba Malam, ai wasa ne." Gaskiya ne, mu mutanen wasa ne. Jika yana wasa da kaka, taubashi da taubashi, Bagobiri da Bazabarme. Amma a wasan nan kowa yana ramawa. Ka faɗa, ya faɗa, ku rabu kuna dariya tare. Wanda bai iya karatu ba, da me zai rama? Sai dai ya sunkuyar da kai ya tafi gida. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya ke haɗiye baƙin ciki ba wasa ba ne.

Yanzu fim yana cikin aljihun kowa. Yara na kallo a salula, suna kwaikwayon abin da suka gani. In sun ga muna dariya ga mai i'ina, gobe za su yi wa ɗan maƙwabci. Ba na ce ku kashe tele ba. Cewa na yi, in dariya ta zo muku, ku duba wanda ke zaune kusa da ku. Shi ma yana yi?

Dattijon nan ya komo aji. Ranar da ya karanta shafi guda shi kaɗai, sai ya juya littafin kai ƙasa da gangan, ya ce, "Malam, haka ma ina iyawa!" Muka yi dariya, shi ya fi kowa.

Ga aikin gida. Ku rubuta sunan wasa guda da ya fi ba ku dariya. A ƙarƙashi ku rubuta wanda aka yi wa dariyar. Gobe ku kawo mu karanta tare.