Mai Rakiyar Naƙuda: Wa Ya Kamata Ya Biya Ta?

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ake kiran mai yin ta dula, kalmar da aka aro daga Girkanci. Dula ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba ce, domin ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi. Aikinta shi ne ta riƙa ziyartar mai ciki tun kafin watanta ya tsaya, ta zauna da ita daga farkon naƙuda har ta sauka, tana danna mata baya, tana kwantar mata da hankali, tana fayyace mata maganar likita, sa'an nan ta leƙa ta a kwanakin jego. Watau abin da uwa ko goggo kan yi wa 'yarsu idan ta zo goyon ciki, shi ne ya zama sana'a a can.

Da can sai mai hali ke iya ɗaukar dula. Amma akwai Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati da aka kafa a 1965 domin marasa ƙarfi, wadda ke biyan kuɗin haihuwa kimanin 4 cikin kowace 10 a ƙasar. Jihohin Oregon da Minnesota suka fara sanya aikin dula a cikinta a 2014, Kalifoniya ta bi sahu a 2023.

Masu suka kan ce kuɗin jama'a na magani ne, ba na zaman ɗebe kewa ba. Wannan magana ba ta da ƙarfi. A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mata fiye da 15,000, ta gano cewa macen da aka tsaya tare da ita ba yankewa naƙudarta kan fi gajarta, kuma fiɗa kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ban da haka, baƙar mace a Amurka ta fi farar mace haɗarin mutuwa saboda ciki ko haihuwa kusan sau uku, sau da yawa kuwa takan koka ba a saurare ta ba. Irin wannan mace tana bukatar wadda za ta tsaya mata.

Sai dai fa doka kaɗai ba ta isa ba. Da farko dala 75 kacal Oregon ta yanka wa dula kan kowace haihuwa, alhali naƙuda kan kai kwana da yini. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado: mata kaɗan ne suka shiga shirin, har aka ƙara kuɗin zuwa dala 350 a 2017, sa'an nan dala 1,500 a 2022.

Saboda haka wajibi ne inshorar gwamnati ta biya dula, ta kuma biya ta ladan da zai riƙe ta. In ba haka ba, matar talaka za ta sami haƙƙi a takarda, ta shiga ɗakin haihuwa ita kaɗai.