Takardar shaidar nutso: Wa ya fi cancanta da ita?

Daga cikin sababbin abubuwan da suka shigo wa ma'aikatanmu masu hali akwai zuwa hutu bakin Bahar Maliya a Masar ko tsibirin Zanzibar, inda ake goya wa mutum tulun iska a baya ya nutsa ƙarƙashin teku don kallon halittun Ubangiji. Wanda ya samu takardar shaidar matakin farko, nan take za a fara kwaɗaita masa na gaba. Tambayar ita ce, shin wannan ƙarin horo ya cancanci kuɗin da ake zubawa a kansa? Amsata ita ce e, amma waɗanda suka fi buƙatarsa ba su ne ke samunsa ba.

Bari mu fara da abin da takardar ta ƙunsa. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi shahara wajen bayar da ita. Matakin farko yana ba mutum damar sauka zurfin mita 18. Na biyu, wanda suke kira na ci-gaba, nutso biyar ne kacal tare da malami, ciki har da na zurfi da na gane hanya da kamfas, sannan a ɗaga iyakar zuwa mita 30. Wannan iyaka tana da dalili. Duk mita 10 da aka sauka, matsin da ke kan jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka a mita 30 ya ninka sau huɗu. A nan iskar tulu ke saurin ƙarewa, sinadarin naitirojin ya taru a jini, ya kan ma gusar da hankali kamar maye. Wanda ya yi gaggawar tasowa kuwa, sinadarin ya kan yi kumfa a jikinsa, ya jawo shanyewar gaɓoɓi ko ajali. Saboda haka duk mai niyyar ci gaba da wannan sha'awa, ina ganin kuɗin horon bai faɗi banza ba.

Sai dai a matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "ci-gaba" ɗin nan tana damuna. Sunan ya fi abin girma. Nutso biyar a ruwa garai-garai, mai ɗumi, da malami a gefe, ba ya mayar da mutum gwani, balle mai ceto. Hausa ta bambanta iyo da nutso da kurme, domin masu harshen sun san kowanne da gwaninsa. Mai riƙe da wannan takarda, in aka kai shi Gulbin Rima a watan Agusta, lokacin da ruwa ya yi ja ga ƙarfin gudu, ko tafin hannunsa ba zai gani ba.

A can ne kuwa matsalarmu take. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi, aka ceto kaɗan. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a gulbin Shagari. A Mayun 2023 yara 15 da suka fita neman itace suka halaka a wannan ƙaramar hukuma. A Agustan 2025 kwalekwale mai ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. A irin waɗannan lokuta, su wa ke faɗawa ruwa? Masunta ne da mutanen Sarkin Ruwa, da gajeren wando da numfashi ɗaya a ƙirji. Jami'an hukumar NEMA da na NIWA su kan iso, amma kafin mota ta taso daga birni, wanda zai rayu ya rayu, wanda zai tafi ya tafi.

Waɗannan bayin Allah sun gaji ilmin da babu makarantar da ke koyar da shi. Sun san gurbi da mashigi, sun san inda ruwa ke juyawa da inda yake ajiye abin da ya ɗauka. Wannan gwaninta ce ake nunawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016. Muna tafa musu a Matan Fada, amma ba mu taɓa tambayar me ya sa ba su da tulun iska ko fitilar ruwa ko igiyar tsaro ba. Ko a nan unguwarmu ta Ƙofar Marke, da wuya damina ta wuce ba a yi zancen wani yaro da ruwa ya ci a wani gari ba, a yi addu'a a watse.

Duniya ta ga amfanin haɗa sha'awa da horo. A 2018, lokacin da yara 12 da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, waɗanda suka fara gano su Turawan Ingila biyu ne da suka shafe shekaru suna nutso a koguna don sha'awa. Abin da ya yi aiki a ranar shi ne daɗewa cikin sana'a tare da kayan aiki. Mutanenmu suna da na farkon, na biyun ne babu.

Don haka shawarata ga gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara ita ce su zaɓi matasa daga gidajen sarakunan ruwa, a koya musu nutso da na'ura, da binciken ruwa mai duhu, da farfaɗo da wanda ya sha ruwa, a cikin harshen Hausa, a ba su takardar shaida da albashi. A ajiye su da kayansu a Goronyo da Shagari da Wamakko da Yawuri tun kafin ruwa ya sauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ba zai maye gurbin rigar kariya da hana lodi fiye da kima ba, waɗanda su ne rigakafin farko.

Ku kuma 'yan'uwana masu zuwa Bahar Maliya, ku karɓi takardarku, Allah Ya sa albarka. Amma wanda ya iya biya wa kansa, zai iya ɗaukar nauyin horon ɗan masunci guda daga garinsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.

Daga Ƙofar Marke, Sakkwato.